An kawo wuta, kwamfutata ta ƙi tashi

Ina tsakiyar buga wa wata ɗaliba furojet ɗinta aka ɗauke wuta. Na fita sallar La'asar na bar komai a jone, kuskurena ke nan. Da na dawo, telan da ke kusa da shagona ya ce: "Malam, da ƙarfi aka kawo ta, har ƙwan shagona ya ƙone." Na danna maɓalli, shiru. Fanka ba ta motsa ba, 'yar fitilar gaba ma ba ta kama ba.

Gabana ya faɗi, don babi huɗu na aikin yarinyar nan na ciki, kuma ban kwafa a filashi ba.

Daga bango na fara. Na gwada soket da cajar waya, lafiya lau. Na canja igiyar wuta da ta firinta. Na zare komai na danne maɓallin kunnawa na daƙiƙa 30 don ragowar wuta ta fita. Duk a banza.

Ina buɗe murfin akwatin, warin ƙuna ya bugi hancina daga wajen fawa, wato abin da ke karɓar wutar bango ya raba ta zuwa bolt 12 da 5 da 3.3. Na zare babban filoginta mai baki 24 daga madabod, wato babban faifan da dukkan sassan kwamfuta ke jone a kai, na lanƙwasa kilif ɗin takarda na haɗa koriyar waya da baƙa, sannan na jona a soket. Mai lafiya, fankarta za ta juya. Wannan ko gezau. Ban kwance ta ba, kuma ina roƙon kowa kada ya yi, domin tana riƙe wuta ko bayan an cire ta daga bango.

Washegari na sayo wata fawar a Beirut Road, kasuwar kayan waya da kwamfuta a Kano, na ɗaura. Fanka ta juya, na yi hamdala, sai allo ya rubuto cewa bai ga inda zai ɗauko Windows ba. A nan na kusa yanke ƙauna, na ɗauka hadis ɗin ne, wato ma'ajiyar bayanan kwamfuta (hard disk), ya tafi. Na danna F2 na shiga BIOS, wato wurin saitin madabod, sai ga kwanan wata ya koma shekaru baya. Ashe ɗan batirin madabod ne, CR2032 mai bolt 3 mai kama da kwabo, ya mutu, saitin ya goge. Agogon ya daɗe yana ɓata lokaci, ni ne ban kula ba. Na sa sabo, na mayar da hadis farkon layin wuraren da kwamfuta ke neman Windows.

Windows ta tsaya duba faifai kusan minti 20. Hannuna na ƙaiƙayi, amma ban taɓa ta ba. Da ta buɗe, Word ta dawo da aikin, shafi ɗaya kawai na sake bugawa.

A makon na sayi UPS, wato na'ura mai batiri da ke riƙe kwamfuta na ɗan lokaci idan an ɗauke wuta. Yanzu ana ɗauke wuta nake adana aiki, in kwafa a filashi, in kashe, in zare filogi daga bango kafin in fita.