Garin kwakin da na ɓoye a Madani

A akwatin da na tafi da shi Sudan akwai garin kwaki mudu biyu, da ƙuli-ƙuli, da sukari. Guzurin kaina ne, don tun a gida an cika mini kunne cewa abincin can tsami gare shi, ba ya ciwuwa. Ƙannena, musamman ku 'yan mata masu shirin kai wa ƙawaye ziyara a wata ƙasa, daga wannan akwati duk abin kunyata ya fito.

A Harami muka haɗu da ƙawar tawa, lokacin Umra. Na ji tana yi wa yarinyarta faɗa da Hausa, na juya, shi ke nan zumunci ya ƙullu. Mutuniyar Wad Madani ce, babban birnin jihar Jazira, amma dangin uwarta 'yan Mai Wurno ne, garin nan da ke kusa da Sinnar wanda ya ci sunan Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, da ya yi gabas da jama'arsa bayan yaƙin Burmi na 1903. Mun je musu ni da maigida 'yan shekaru kafin yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023. Da na ji gidan kaf Hausa ake yi, sai na ɗauka Kano na zo. Na manta mutanen nan sun haura shekara 100 suna shan ruwan Nilu.

Washegari da sassafe aka kawo shayi da madara da zalabiya, 'yan dunƙule-dunƙulen fulawa soyayyu masu kama da fanke. Na ce to, karin kumallon ke nan, na zauna na nade su tas. Ashe share fage ne. Wajen ƙarfe goma da rabi sai ga babban faranti, siniya suke ce masa, an ɗauko shi da hannu biyu: ful, wato manyan wake da aka dafa suka yi luguf, an kwarara musu man riɗi an barbaɗa farin cuku, ga ɗa'amiya 'yar'uwar ƙosai, ga burodi. Wannan ne faɗur, ainihin karin kumallonsu. Na tsakuri loma biyu na janye hannu, Inna, mahaifiyar ƙawata, tana kallona. Abu na farko ke nan: ranar da kuka sauka ku tambayi lokutan cin abincin gidan, kada ku cika ciki da ɗan aike kafin mai gida ya iso.

Da la'asar aka kawo kisra. Ƙullun dawa ne da aka bari ya kwana ya yi tsami, a shafa shi siriri a kan faffaɗan kasko, ya fito kamar takarda. Miyar kuwa tagaliya ce, ta busasshen nama da albasa da tumatir da weka. Na ɗanɗana, tsamin ya doki harshena, sai bakina ya riga hankalina: "Wai Inna, ba ku tuƙa tuwo ne a nan?" Ta yi murmushi kawai, ta ce, "Ci dai, 'yata, a hankali za ki saba." Ku lura da wautar. Ni da na tashi da kunun tsamiya da waina da sinasir, wai tsami nake gudu. Wekar da nake wa kallon baƙuwa kuwa garin busasshiyar kuɓewa ce, irin wadda kakata ke dakawa. Karkade zoɓo ne, aradeb tsamiya ce, gongolez ɗin da suke jiƙawa su sha 'ya'yan kuka ne. Ko agashe da 'yan Sudan ke layi a kansa da yamma, kowa a can ya san sana'ar Hausawa ce. Abincin gidanmu ne ya yi tafiya ya sauya riga, ni kuma na tsaya ina yi masa yanga.

Kwana uku ina wannan hali. A gaban mutane in yi ta juya loma, da dare in kulle ɗaki in jiƙa gari. Rana ta huɗu autar gidan ta turo ƙofa ba sallama, ta gan ni da kofi da cokali, ta ruga tsakar gida tana shela: "Habboba, baƙuwa tana cin abinci a ɓoye!" Habboba kaka ke nan. Na so ƙasa ta tsage in shige.

Babu wanda ya ce mini uffan, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Washegari Inna, tsohuwa mai ciwon gwiwa, ta aika aka nemo mata kuka da daddawa wajen wata maƙwabciya, ta zauna da kanta ta tuƙa mini tuwo. Da ta ajiye ta ce, "Ki yafe mana, 'yata, mun bar ki da yunwa a gidanmu." Ita ke ba ni haƙuri. A ganina dabara na yi don kada in takura wa kowa, a wajensu kuwa na nuna gidan ya kasa riƙe baƙo. Idan za ku ɗauki abincin gida, ku ɗauka da niyyar tsaraba. Kilishi, yaji, daddawa, dambun nama, ku danƙa wa uwar gida ranar farko a buɗe a ci tare. Abin da ba za ku iya fitarwa tsakar gida ba, ku bar shi a Najeriya.

Sai kuma na zarce gona da iri wajen gyara. An yanka mana rago, aka kawo marara: ɗanyar hanta da huhu da tumbi, an yayyanka an cakuɗa da albasa da lemun tsami da barkono. A wajen masu sonta abin marmari ne. Raina bai kwanta ba, amma don in wanke laifin gari na rufe ido na ci har da ƙari. Kwana biyu ina zarya tsakanin ɗaki da bayi, tafiyar Mai Wurno da aka shirya domina aka ɗage ta. Da na farfaɗo ƙawata ta ce, "Ke kuwa, ni kaina ba na ci, wa ya aike ki?" Ashe ko a cikinsu ba kowa ke taɓa ta ba. Dafaffen abinci ku ci ko kaɗan ne, ku ƙara gobe, harshe yana koyo. Ɗanyen nama kuwa, da duk abin da kuka san jikinku ba ya ɗauka, ku faɗa a sarari da ladabi: "Inna, cikina bai saba ba." Mai gida ya fi son jin haka da ya kwana yana jinyarku.

Abin da ya gyara tsakanina da Inna tambaya ce. Na same ta gaban kasko na ce ta koya mini kisra. Fuskarta ta washe, ta miƙo mini gargariba, ɗan tsagin kabar da ake baza ƙullun da shi. Tawa ta farko ta fito da kauri kamar gurasa, ta biyu ta yage, ta uku ta ƙone tare da ɗan yatsana. Matan gidan suka yi ta dariya har da riƙe ciki, daga nan hira ta ɓalle, suna tambayata ko har yanzu ana dama fura da ludayi a Kano. Yagaggiyar kisrar tawa Inna ta sa a gefen siniya ta ce kada kowa ya taɓa, rabonta ne.

Ragowar garin kwakin ma a tsakar gida ya ƙare. Na jiƙa shi a babbar roba da ƙuli-ƙuli da sukari, yara suka kewaye ni da cokula. Autar da ta tona mini asiri ta kai loma ɗaya, ta yatsine fuska, ta ce tsami gare shi.