Abin da karatun ginin haƙori ya koya mini

Darasin da ya fi zauna mini a kai daga karatun ƙwayoyin halittar baki shi ne cewa kan haƙori yana gama ginuwa tun ido bai gan shi ba. Aikin yana farawa ne a wajen mako na 6 na ciki, lokacin da fatar cikin bakin ɗan tayi take yin kauri ta nitsa cikin muƙamuƙi. Daga nan tohon haƙoran yarinta 20 yake fitowa, ya zama kamar hula, sannan kamar ƙararrawa. A wannan mataki na ƙarshe ne ƙwayoyin ke raba aiki: waɗanda ake kira odontobilas su fara zuba dentin, wato ɓangare mai tauri na cikin haƙori, sai waɗanda ake kira amelobilas su bi baya su ɗora inamel, wato farin ɓawon da muke gani.

A nan muhimmancin yake. Kusan kashi 96 cikin 100 na inamel ma'adini ne, dentin kuwa wajen kashi 70. Amelobilas suna zuba inamel mai kaurin kimanin maikiron 4 a kullum (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), kuma da zarar haƙori ya ɓullo sun tafi ke nan. Saboda haka inamel ba ya sake tsirowa, alhali dentin na ci gaba da samuwa muddin ɓargon haƙori na raye. Duk abin da ya katse wa ƙwayoyin nan aiki, ko zazzaɓi mai zafi, ko ƙyanda, ko tamowa, yana iya barin rami ko zane a jikin haƙori. Haihuwa kanta tana barin layi a haƙoran yarinta.

A ɗakin gwaji akwai inda ɗalibai kan ruɗe. Idan aka jiƙa haƙori a asid don ya yi laushi a yanka shi siriri, maikiron 5 ko kusa da haka, inamel narkewa yake, sai a ga fili a wurinsa. Mai son ganin inamel dole ya goge haƙorin da dutse, da ruwa a kai, har haske ya riƙa ratsa shi. Gaggawa ko rashin ruwa na tsattsaga shi.

Amfanin wannan ilimi ya fi bayyana a unguwanninmu, daga Idi-Araba, inda kwalejin likitanci ta Jami'ar Legas take, har Agege da Mile 12. Yaro ya kai wata 6, ya fara gudawa, sai a ce haƙori ne, a je kemis a sayo kafso na tetarasaikilin a buɗe a ba shi. Wannan magani yana kama ma'adinin haƙorin da ake cikin ginawa, ya rina shi rawaya ko ruwan toka tun daga ciki, kuma babu asuwaki ko man goge baki da zai fitar da shi. Shi ya sa ba a ba mai ciki da yaron da bai kai shekara 8 ba. Ita kuwa gudawar nan, nata maganin take buƙata, ruwan gishiri da sukari da ganin likita. Sinadarin fuloraid ma haka: kaɗan yana ƙarfafa inamel, amma idan ya wuce miligiram 1.5 a litar ruwan sha yana iya kawo dabbare-dabbare, don haka ruwan burtsatse ya cancanci gwaji.

Abin da ya fi damuna shi ne turmin farko na dindindin. Yana fara ƙarfi a wajen lokacin haihuwa, ya fito a shekara 6 a bayan haƙoran yarinta, ba tare da an yi famfara a wurin ba. Iyaye da yawa sai su ɗauka shi ma zai faɗi, su bar shi ya ruɓe. Haka kuma haƙorin yarinta da ya yi mugunya a saiwa yana iya ɓata wanda ke ginuwa a ƙarƙashinsa. Saiwar sabon haƙori ma sai bayan shekara 2 zuwa 3 da fitowarsa take rufewa, shi ya sa idan yaro ya faɗi haƙorin gaba ya karye, aikin likita na farko shi ne ceto ɓargon don saiwar ta ƙarasa.