Wuyan mutanena duk dogo ne, kuma na daina gyarawa

Jiya da daddare wata ƙanwa ta turo min saƙo a Instagram, tace yaya dan Allah ya akeyi mutum ya samu salon zane nasa na kansa, ita duk abin da ta zana sai taga yayi kama da na wani. Na buɗe saƙon nan na rufe ya kai sau uku ban amsa ba, saboda gaskiya amsar ta fi ƙarfin layi biyu, shi yasa nace bari kawai in zauna in rubuta a nan.

Ni dai da kwafi na fara, ba ɓoye-ɓoye. Biro shuɗi da bayan littafin lissafi, ina zana jaruman fostar fim ɗin Indiya da ake mannawa a shagon haya na unguwarmu, daga baya na koma katun na Jafan masu manyan idanun nan, na shekara wajen huɗu ina yi har na iya zana ido ɗaya cikin minti guda ba tare da na duba komai ba. Amma akwai wata matsala da ta ƙi barina, duk mutumin da na zana sai wuyansa ya fito dogo kamar na zalɓe. Malaminmu na zane a sakandare ya sha jan jar biro a kai, ya auna min da fensir, yace kan mutum fa kashi ɗaya ne cikin bakwai da rabi na tsawon jiki, wuya kuma ga iyakarsa. In gyara yau, gobe ya dawo. Har haushin hannuna nake ji.

Wanda ya fara buɗe min ido ba ma mai zane ba ne, kawuna ne mai ɗinkin hula. Wata rana muna zaune a rumfarsa aka kawo huluna kusan goma, ya ɗauki ɗaya ya juya cikinta, ko minti bai yi ba yace wannan hannun wance ne. Nace kawu ta yaya ka gane, ai zanen duk iri ɗaya ne, takarda ɗaya aka buga musu. Yayi dariya ya nuna min inda take ɗan matse zare a kwana, kullum sai ta matse, kuma ƙullinta a ciki karkace yake. Wato zane ɗaya aka ba kowa amma kuskuren kowa daban, kuma da shi ake gane mai aikin. Ranar na koma gida na fito da tsofaffin takarduna na baza a tabarma, naga kwafin Indiya da na Jafan duk sun bi ruwa, abin da bai taɓa canzawa ba tun ina aji ɗaya shi ne wuyan nan.

Mu Hausawa dama mun san wannan, bamu dai ɗauke shi a bakin komai ba. Mai lalle ana cewa hannunta na da kyau. Alaramman da ke zayyanar allo idan almajiri zai yi sauka, da tawadar gawayi da ƙaro da alƙalamin kara, duk wanda ya san shi zai gane aikinsa a cikin goma. Magina masu zanen bango a Zariya da Kano da Birnin Damagaram duk dagi suke yi, amma dagin wani ƙato ne mai kauri, na wani siriri kamar an ja da allura.

Manyan ma haka suka bi. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin Zariya, wadda daga baya ta zama jami'ar Ahmadu Bello, suka kafa ƙungiya saboda sun gaji da koyon zane irin na Ingila zalla, cikinsu akwai Uche Okeke da Yusuf Grillo da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko. Basu watsar da abin da Turawan suka koya musu ba, sun dai ce kowa ya waiwaya gida ya ɗauko abin da ya taso yana gani ya haɗa. Okeke, wanda yayi yarintarsa a Kafanchan, ya koma wajen mahaifiyarsa ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, layinsa ya koma siriri mai lanƙwasa. Grillo kuma ya riƙe shuɗi, irin na rinin adire na Yarabawa, ko daga nesa ka hango ka san nasa ne. Shi ma Van Gogh, shahararren mai zanen nan ɗan ƙasar Holan, a 1887 yana Faris zama yayi yana kwafar zanen Jafanawa da fenti, to ni wane ne da zan ji kunyar fostar Indiya.

Abin da ban yarda da shi ba shi ne irin shawarar nan ta intanet, wai ka zaɓi kala uku da irin hanci ɗaya ka maƙale musu don mutane su gane ka. Na gwada wata shida, zanen ya zama kamar yunifom, ni kaina na gaji da ganinsa. Kuma kar wani ya fake da salo ya ƙi koyon zana hannu da ƙafa, akwai bambanci tsakanin wanda ya iya ya zaɓi ya karkata da wanda bai iya ba. Ni yanzu in na ga dama zan zana wuya daidai, sai dai mutumin baya min kama da nawa, kamar baƙo ne ya shigo takardar.

Ita ƙanwar tamu dai daga baya nace ta turo min zane ashirin, har da waɗanda take ɓoyewa a ƙasan katifa. Da safen nan suka shigo. Sha bakwai a ciki mutanen duk gefe suke kallo, ba wanda ya kalle ka ido cikin ido, kuma mayafi take ba lokaci fiye da fuska, kowane ninki sai ta bi shi da biro. Ban gaya mata ba tukuna, nace ta baza su a ƙasa ta duba da kanta zuwa la'asar.