Fuska ta yi baƙi kana tsakiyar gem: kada ka yi gaggawar fomatin

Ƙannena masu buga gem a kwamfuta, idan fuska ta yi baƙi ƙirin ko gem ya rufe kansa kuna tsakiyar wasa, don Allah kada ku ruga wurin mai gyara ku ce a yi fomatin, wato a goge komai a sake ɗora Windows. Ni haka na yi lokacin da GTA V ta fara ɗauke min. Na rasa aikin makaranta da hotunan bikin yayata, aka sake ɗora Windows, matsalar kuma tana nan daram.

Ashe zafi ne. A kan katifa nake ɗora laftof ɗin, ramukan shan iskar da ke ƙasanta a toshe, ga ƙurar hunturun Katsina da take shaƙa tun daga Nuwamba. Ranar da wani mai gyara a Ƙofar Ƙaura ya kwance ta a gabana, ƙurar ta dunƙule a bakin fanka kamar auduga, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya farfashe. Alamar zafi ba ta ɓuya: gem ya fara lafiya lau, fanka ta yi ta ihu, hoto ya soma sarƙewa, sannan ya ɗauke. Ku sauke HWMonitor, manhajar da ke nuna zafin kwamfuta, kyauta ce, ku duba. In kun ga digiri 90 zuwa sama, ku dakata. A watan Afrilu da garin kansa ke kai digiri 40, ku ɗora laftof ɗin a kan tebur, ku ɗan ɗaga bayanta, a kuma hure ƙurar a sake man.

Daban ne idan tun buɗewa fuskar ta yi baƙi amma kuna jin sauti. A nan ku danna Alt da Enter tare, gem ɗin zai koma ƙaramar taga. In bai yi ba, ku haɗa maɓallin Windows da Ctrl da Shift da B; za ku ji ɗan ƙara, direban katin hoto, wato manhajar da ke sarrafa katin, ya farfaɗo. In abin ya ci gaba, ku sauke sabon direba daga shafin NVIDIA ko AMD ko Intel, gwargwadon katinku. Laftof da yawa kati biyu gare su, sai gem ya hau ƙaramin. A saitin hoto na Windows ake zaɓa masa babban. Kuma ku jona caja, domin a kan batir kwamfuta rage ƙarfinta take yi.

Inda na fi cutuwa shi ne gem ɗin da ake turawa a filash. Manhajar tsaro ta kama wani fayil a ciki, gem ya ƙi tashi, na kashe ta gaba ɗaya, ƙwayar cuta ta shiga ta lalata min fayiloli. Kada ku kashe. Wanda ya sayi nasa a Steam, manhajar sayar da gem ta intanet, akwai wurin da zai danna a binciki fayilolin, a sake sauke wanda ya lalace kaɗai, bai ƙona data a banza ba. In kuma saƙo ya fito cewa wani DLL, wato fayil ɗin da gem ke buƙata don ya tashi, ya ɓace, manhajar DirectX ko Visual C++ za ku ɗora daga shafin Microsoft, ba ku tsinto fayil ɗaya a shafin da ba ku sani ba.

Amma in kuna ganin layi-layi ko ɗigo masu launi a fuska ko da ba ku buɗe gem ba, wataƙila katin hoton ne ya fara gazawa. Ku kwashe fayilolinku tukuna, sannan ku kai wa mai gyara.