Zuwa ga 'yan'uwa masu wasan D&D a Legas: maganar rabin rauni

Assalamu alaikum, matasanmu na Agege da Idi-Araba da Obalende. Daga Landan nake rubuto muku. Ƙanena ya ce min gardama ta kaure a zamanku na Asabar na Dungeons & Dragons, wasan tebur na jan labari da jefa dayis, a kan yadda ake lissafin rauni idan jarumi, wato wanda ɗan wasa yake takawa a cikin labarin, yana da juriya, har wasu suka tashi da fushi. Abin ya dame ni, domin wasan nan zumunci ne ya haɗa ku a kansa.

Tun da Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar da Dungeons & Dragons a 1974 dokokin suke sauyawa. A bugun 2003, wani adadi ake cirewa daga raunin. A bugu na biyar na 2014, wanda kuke amfani da shi, mai juriya rabin raunin yake ɗauka, wanda wani abu ya fi cutar da shi ya ɗauki ninki biyu, wanda abin ba ya kama shi kuwa ko gezau. Na lura yawancin rigimar daga cakuɗa tsohuwar doka da sabuwa take tasowa.

Rabawa biyu ita ce ta ƙarshe. A ce an kai wa jarumi bugun maki 21, akwai sihirin da ke rage masa 5, yana kuma da juriya. A fara cire 5, saura 16, sannan a raba, jininsa, wato makin rayuwarsa, ya ragu da 8. Wanda ya fara rabawa zai sami 5, ya ci riba ba bisa ƙa'ida ba. Idan rabon ya bar ɓari, a zubar da ɓarin. Kuma juriya biyu ga abu ɗaya, ɗaya ce. Zoben wuta a hannun wanda dama wuta ba ta cika cin sa ba bai ƙara masa komai ba.

Inda na fi so ku tsaya ku duba shi ne nau'in raunin. Kun san ɗan tauri: wuƙa ba ta kama shi, amma wa ya ce garwashi zai ƙyale shi? Haka Barbarian, jarumin nan mai yaƙi da fushi, yake idan ya harzuƙa, sara da suka da duka ne kawai ke raguwa. Idan aka sare shi da takobi mai ci da wuta, kaifin ya ba da 10, wutar ta ba da 7, to a raba 10 ɗin kaɗai. Jimla 12. Shi ya sa nake roƙon mai jan wasa, wato mai ba da labarin kuma alƙalin tebur, ya riƙa jefa dayis ɗin kaifi daban, na wuta daban, kowa yana gani.

Sai maganar Fireball, sihirin ƙwallon wuta mai dayis takwas masu fuska shida. Idan ta fito 29, jarumi ya yi nasarar gocewa, rabi zai ɗauka, wato 14. In yana da juriyar wuta, 7. Wannan ba ninka juriya ba ce, gocewa daban take, don haka kada a hana shi haƙƙinsa.

Mai jan wasa yana da ikon sauya doka a teburinsa, na yarda da haka ɗari bisa ɗari. Amma ya faɗa tun kafin a zauna, ya rubuta a takarda ya ajiye tsakiyar tebur. Ya sauya ta lokacin da jinin jarumin wani ya rage 3 zalunci ne, kuma yaron da ya yi watanni yana rainon jaruminsa ba zai manta ba.

Ku gaida mutanen gida.