Kwana shida a ƙasa, daga Ilkley zuwa Windermere

Da na dawo Sakkwato na ba Kawu labarin cewa na yi kwana shida ina tafiya a ƙasa a arewacin Ingila, alhali da kuɗin mota a aljihuna, sai ya dube ni ya ce, "Ɗana, mi kaka biɗa cikin dajin Turawa?" Kakansa a ƙasa ya je Makka, saboda haka a wurinsa duk tafiyar da babu Ka'aba a ƙarshenta wahalar banza ce.

Sunan hanyar Dales Way, tsawonta kusan mil 80. Daga garin Ilkley take tashi, ta bi gaɓar kogin Wharfe ta Grassington da Kettlewell da Buckden, ta ƙare a Bowness, bakin tafkin Windermere. Babu ɗan jagora. Wani kamfani ne ya kama mini masaukin kowane dare, yana kai jakata gaba a mota, ni kuwa daga taswira da kamfas sai gorar ruwa da rigar ruwa.

Ranar da na hau tudun Cam Fell, wanda ya haura mita 500, na san na bar gida. Babu itace ko ɗaya, sai doguwar ciyawa da baƙar laka mai haɗiye takalmi har idon sawu. Hazo ya sauko, yayyafi ya bi bayansa, na yi kusan awa guda ina bin wata katangar duwatsu da aka jera ba siminti kafin na gane cewa ba tawa ba ce. A gindinta na yi azahar da la'asar kasaru, kamfas ɗin da ya kasa hana ni ɓata ya nuna mini alƙibla, tumaki suna kallona.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne turbar kanta. Yawancinta ta cikin gonaki da makiyayar mutane take ratsawa, wani lokaci ma ta bakin garken mai gida, kuma doka ba ta yarda ya toshe ta ba. Tun 1949 aka wajabta wa hukumomin gundumomi su zana irin waɗannan turbobi a taswira. Akwai ƙyaure ko ɗan tsani a jikin katanga, da kibiya ruwan ɗorawa mai nuna hanya. Abin da ake nema daga matafiyi kawai ya mayar da ƙyauren yadda ya same shi, kada dabbobi su fita.

Nan ne Kawu ya gyara zama. Ya ce ai burtali ke nan, ya shiga lissafa mini waɗanda ya bi da shanun mahaifinsa yana yaro, daga ƙauyensu har fadamar Rima, da inda gero ya cinye kowannensu a yau.