Maganin da Ke Mutuwa a Cikin Ruwa

Wata uku na yi ina zuwa kwata a Gombe bayan sallar asuba, in sayi hantar akuya da ɗuminta, in tura ta cikin kula mai ƙanƙara, in hau babur zuwa ɗakin gwaje-gwaje. Aikina na digiri na biyu shi ne tace wani furotin daga hantar. Sai dai duk sanda na duba jel, wato farantin gwajin da ke nuna kowane furotin a matsayin layi, maimakon layi ɗaya tsaf, tabo nake gani a shafe daga sama har ƙasa, kamar yaro ya ja yatsa a kan tawadar allo kafin ta bushe.

Cikin kowace ƙwayar halitta akwai enzayim masu yanka furotin, a killace a ɗakunansu. Da ka niƙa hanta, ka fasa musu ƙofa ne, su kuma su far wa abin da kake nema. Shi ya sa ake zuba ƙananan sinadarai masu toshe su. Nawa shi ne PMSF, kuma ina zuba shi ba fashi, don haka na rasa inda gizo ke saƙa.

Wani dattijo mai kula da kayan ɗakin ne ya tsaya a kaina wata safiya.

"Ɗana, yaushe ka sa PMSF a ruwan haɗin nan?"

"Tun jiya da yamma, Baba, don kar in makara."

"To, ai babu shi a ciki."

Ya yi mini bayani a tsaye. PMSF ba ya jure ruwa: a pH 8 (ma'aunin tsamin ruwa), zafi na digiri 25, rabinsa kan lalace cikin minti 35. Ga zafin Afrilu na Gombe, ga firij da ke kwana babu wuta. Ana narka shi ne a etanol ko isofuropanol, a ajiye a sanyi, a ɗiga shi daidai lokacin da za a fara niƙa. Kuma da safar hannu, domin guba ne. Wata ukun nan sun yi mini ciwo ƙwarai, kuɗin hantar ma daga aljihun mahaifina yake fitowa.

Na gyara, tabon ya ragu, bai ɓace ba. A nan na koma karatu. PMSF ya fi ƙarfi a kan enzayim masu yanka da sirin (wani amino asid da ke jikinsu), alhali hanta cike take da wasu masu yankan da ake kira katefsin. Katefsin B sai lufeftin ko E-64, katefsin D kuwa sai fefstatin. Lufeftin da fefstatin ɗin nan, Hamao Umezawa da abokan aikinsa a Japan ne suka samo su a 1969 da 1970 daga ƙwayoyin baktiriya na cikin ƙasa, abin da har yau nake tunawa in na taka turɓaya. Wani sinadarin kuma, EDTA, na kama ƙarfen da wasu enzayim ke buƙata, amma yakan ɓata aikin mai tace furotin da ƙarfen nikel, don haka ban sa shi ba.

Sai da muka haɗa kuɗi mu huɗu kafin muka iya sayen fefstatin, ya yi sati shida a hanya. Ranar da layin ya fito, siriri, shuɗi, shi kaɗai, na ɗauki jel ɗin a faranti na kai wa Baba. Ya ɗaga shi saitin taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce in rubuta kwanan wata a jikin kwalbar kafin in mayar da ita firiza.